Gadin Dare: Na'urar Insulin da Mas'alar Tawakkali

Duk wanda ya taɓa kwana a gidan da akwai yaro mai ciwon suga, irin wanda ke kama ƙanana, ya san daren wannan gida ba kamar daren sauran gidaje ba ne. Domin a sa'ad da maƙwabta suka rufe ƙofofinsu, suka yi addu'ar kwanciya, suka miƙa rayukansu ga Mai su, uwar wannan yaro da rabin ido take kwanciya, ta tashi wajen ƙarfe biyu ko uku, ta laluba ɗan yatsansa cikin duhu, ta huda, ta ɗiga jini a kan tsinken awo, ta zuba wa lambar da za ta fito ido kamar mai jiran hukuncin alƙali. In lambar ta yi ƙasa, ta tashe shi ta ɗura masa ruwan sukari yana magagin barci. In ta yi sama, ta shiga lissafin allurar da za ta ƙara, gabanta na faɗuwa kada ta zarce ƙima ta jefa shi cikin ramin da take gudu. Haka yau, haka gobe, ba Juma'a ba Salla, har shekaru su shuɗe.

A 'yan shekarun nan likitoci a ƙasashen da ke da hali sun fara ɗaura wa irin waɗannan majinyata wata na'ura wadda ke auna sugan jiki da kanta, ta yi lissafi, ta zuba insulin gwargwadon buƙata, ta rage ko ta tsayar in ta hango faɗuwa, alhali mai ita yana sharar barci. Abin da iyaye da yawa suka fi saurin ambata in aka tambaye su fa'idarta, tun kafin su zo kan alƙaluma, shi ne barci ya dawo musu. Wannan barcin ne ya tsaya mini a rai. Mutum ya kwanta ya bar ran ɗansa a hannun abin da ba shi da rai, ba shi da niyya, ba kuwa za a tashe shi ranar hisabi a tambaye shi ba: shin natsuwar nan da ya samu ita ce tawakkali, ko kuwa dogaro ne ga abin halitta aka sa masa rigar tawakkali? Mas'ala ce da ta cancanci a shimfiɗa mata buzu a zauna, domin ba a yanke irinta a tsaitsaye.

Malamai sun ce ba a hukunta abu sai an fahimci surarsa, saboda haka mu fara da illar kanta. A bayan tumbi akwai wata gaɓa doguwa da likitoci ke kira fankiriyas, a cikinta kuma akwai waɗansu 'yan ƙwayoyi da ke ɗanɗana jini dare da rana, suna sakin insulin, sinadarin da ke buɗe wa suga ƙofar shiga tsoka domin ya zama ƙarfin jiki. Mai lafiya yakan ci tuwo, ya sha fura, ya yi azumi, ya yi noma, bai taɓa sanin ana yi masa wannan awo ba, balle ya yi godiya a kansa. A ciwon suga nau'i na ɗaya, garkuwar jiki ce ke juyowa ta hallaka waɗannan ƙwayoyi, ba don yaron ya sha zaƙi ba, ba kuma don sakacin iyayensa ba. In sun ƙare kuwa, suga ya taru cikin jini, jiki ya shiga cin kitsensa, jinin ya yi tsami, yaro ya rame ya suma ya tafi. Likitocin dā, har da Ibnu Sina a cikin Alƙanun, sun siffanta ƙishirwar da yawan fitsarin da zaƙinsa, amma iyakarsu siffantawa. Sai a 1921, a birnin Toronto na Kanada, Frederick Banting da Charles Best suka tatso insulin a ɗakin binciken John Macleod, James Collip ya tace shi, aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14 mai suna Leonard Thompson allurarsa a watan Janairu na 1922. Yaron da ake jiran ajalinsa a gadon asibiti ya tashi, ya ƙara shekara 13 a duniya.

Amma wannan ni'ima ta zo da nauyinta, domin maganin da ke raya majinyacin shi ne kuma zai iya kashe shi cikin dare guda in ya yi yawa. A 1993 aka bayyana sakamakon wani babban bincike da aka yi a Amurka da Kanada a kan mutum 1,441, aka ga cewa matse suga ya zauna kusa da na mai lafiya yana rage haɗarin lalacewar ido da kashi 76 cikin ɗari, yana kuma kare ƙoda da jijiyoyi, sai dai faɗuwar suga mai tsanani, irin wadda mutum ba ya iya ceton kansa daga gare ta, ta ninka kusan sau uku. Ga rami a nesa, watau makanta da ciwon ƙoda da yanke ƙafa. Ga rami a kusa, watau suma ko mutuwa cikin barci. Majinyaci na tafiya a kan siraɗin da ke tsakani. Hausawa na cewa jiki magayi, kuma gaskiya ne a farko jiki kan faɗa, da gumi da rawar hannu da bugun zuciya. Amma wanda sugansa ya saba faɗuwa, a hankali jikin kan daina gaya masa, cikin barci kuwa mai gaya wa da wanda ake gaya wa duk sun kwanta. Taƙaitaccen bayanin wannan jinya shi ne an ɗauki aikin gaɓa an aza wa hankali, hankali kuwa yana gajiya, yana mantuwa, yana barci.

Na'urar da muke magana a kai yunƙuri ne na sauke wa hankali wani sashe na wannan kaya. Abu uku ne aka haɗa. Akwai ma'auni da ake mannawa a dantse ko a ciki, mai siririn zare da ke shiga ƙarƙashin fata yana aiko da lamba kowane minti biyar, watau sau 288 a yini da dare. Akwai ɗan famfo, bai kai tafin hannu ba, mai tura insulin ta siririn bututu. A tsakaninsu kuma akwai ƙa'idar lissafi, a cikin famfon ko a wayar hannu, wadda ke duba inda suga yake da inda ya dosa da adadin insulin da ya rage yana aiki a jiki, sannan ta yanke abin da za a zuba. Mafarkin tsoho ne, don tun wajejen 1974 aka ƙera irinta a Jamus da Kanada, amma katafariya ce da ake girkewa gefen gadon asibiti. Wata Ba'amurkiya mai suna Dana Lewis, wadda ƙararrawar ma'auninta ba ta iya tashinta daga barci, ta gaji da jiran kamfanoni, ita da abokan aikinta suka harhaɗa tasu a ƙarshen 2014, suka saki hanyar yinta kyauta a 2015 da sunan OpenAPS. A watan Satumba na 2016 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da MiniMed 670G, ta farko da aka sa kasuwa. Control-IQ ta biyo a 2019, CamAPS FX ta Roman Hovorka na Jami'ar Kambirij a 2020, Omnipod 5 a 2022. Ma'aunin da likitoci suka yi ittifaƙi a kai shi ne suga ya zauna tsakanin 70 da 180 fiye da kashi 70 cikin ɗari na lokaci. A gwajin Control-IQ, wanda aka yi wata shida a kan mutum 168, masu na'urar sun tashi daga kashi 61 zuwa 71, ribar da ta kai kimanin awa biyu da rabi kullum, kuma mafi yawanta da dare aka same ta.

To, mu komo kan shubuhar. Rabinta na farko ba shi da wuyar warwarewa, domin magabata sun riga sun share hanya. Kowa ya san labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure taguwarsa ko ya sake ta ya dogara, aka umarce shi ya haɗa ɗauri da dogaro. An kuma san yadda Sayyidina Umar ya juya da jama'a daga hanyar Sham sa'ad da ya ji annoba ta sauka can, ya nuna wa Abu Ubaida cewa juyawar ma cikin ƙaddara take. Mu da muka yi karatun Ummul Barahina ta Shehu Sanusi a zaure, an koya mana cewa alaƙar wuta da ƙuna, da ta abinci da ƙoshi, hukunci ne na al'ada: haɗi ne da Allah ya gudanar, maimaituwa ta sanar da mu shi, yana iya saɓawa, tasiri kuwa na Allah ne shi kaɗai. Wanda ma bai bi wannan tafarki na Ash'ariyya ba ya yarda cewa sababi ba ya aiki sai da izinin wanda ya halicce shi. In haka ne, fankiriyas ɗin mai lafiya ma sababi ne, abin halitta ne, kuma ba mu taɓa jin an tuhumi mai lafiya da raunin imani don ya kwanta ya bar wa gaɓarsa awon suga ba.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan Hijira, ya kasa sabubban tunkuɗe cuta kashi uku a babin tauhidi da tawakkali na Ihya'u: tabbatacce, kamar ruwa ga mai ƙishirwa, wanda barinsa haramun ne in ana tsoron halaka, na zato mai rinjaye, kamar ƙaho da shan magani, wanda yinsa ba ya warware tawakkali, da wanda wahami ne kawai. Ni ba ni da kokwanto cewa insulin ga mai nau'i na ɗaya yana cikin kashin farko, sahu ɗaya da ruwa da numfashi. Ina faɗar wannan da ƙarfi domin akwai gidajen da ake ajiye allura saboda wani ya yi alkawarin warkewa da saiwa ko da rubutu, a kira wannan sakin yaƙini, bayan kwana kaɗan a kwashi yaro ranga-ranga zuwa asibiti. Addu'a da rubutu ba sa hana allura, amma ajiye allurar ganganci ne da rai, kuma ran amana ne. Ita kuwa na'urar, wurinta kashi na biyu: hujjar amfaninta mai ƙarfi ce, amma wanda ke jinyarsa da allurar hannu bai bar wajibi ba.

Rabin shubuhar na biyu shi ne mai nauyi, kuma a nan nake so in daɗe. Igiyar da aka ɗaure taguwa da ita ba ta yanke shawara. Ƙwayar magani ba ta duba halinka ta ce yau rabi ya ishe ka. Wannan na'ura kuwa tana dubawa, tana ƙaddarawa, tana zartarwa, sau ɗaruruwa kafin gari ya waye, ba tare da ta nemi izini a kowane karo ba. Ta fita daga sahun kayan aiki zalla ta doshi sahun wakili. Abin sha'awa, da misalin wakili ne Gazali ya bayyana darajar farko ta tawakkali: mutumin da aka kai ƙara bisa zalunci ya naɗa wanda zai tsaya masa gaban alƙali, zuciyarsa ba ta natsuwa sai ya sakankance wakilin yana da abu huɗu, watau sanin makamar shari'ar, da ƙarfin tsayawa, da fasahar harshe, da tausayi gare shi. Mu aza na'urar a kan wannan sikeli. Saninta gajere ne: ba jini take aunawa ba, ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin jiki take aunawa, wanda ke bin bayan jini da 'yan mintoci, in mai barci ya danne ma'aunin da haƙarƙarinsa takan ga faɗuwar da babu ita, ba ta san an ɗora tukunya ba, ba ta san yaro zai fita ƙwallo ba, sai an gaya mata. Ƙarfinta na gefe ɗaya ne: tana iya zubawa, tana iya tsayarwa, amma abin da ta riga ta zuba ba ta iya janyo shi, shi kuwa yakan yi awa uku zuwa biyar yana aiki. Fasaharta ƙararrawa ce da zane a fuskar waya, tana faɗar abin da ya faru ba ta faɗar dalili, wani lokaci ma ta yi ta kuka har mai ita ya daina saurare. Tausayi kuwa babu ko ƙwayar zarra. Masu tallarta kan ce ba ta barci. Amma rashin gyangyaɗi da barci siffa ce ta Rayayye Tsayayye shi kaɗai, ita kuwa ba ta barci ne domin ba ta taɓa farkawa ba.

Manufar Gazali da wancan misali ita ce waɗannan siffofi huɗu ba su cika ga kowa ba sai ga Allah, saboda haka duk wakilin da ke ƙasa da shi ana ba shi aiki, ba a ba shi zuciya. Uwar da ta ɗaura wa ɗanta na'ura, ta duba batirin, ta duba bututun, ta yi addu'a ta kwanta, ba ta canza abin dogaronta ba. Igiya ce ta samu wadda ta fi ta dā ƙwari. Har ma ina ganin ta fi kusa da haƙiƙanin tawakkali fiye da lokacin da take ganin kamar buɗaɗɗen idonta ne ke riƙe da numfashin yaron, domin akwai wani ɓoyayyen dogaro ga kai a cikin zaton cewa in na runtsa komai zai rushe. Ba laifinta ba ne, larura ce ta sa ta. Amma in Allah ya kawo sauƙi, karɓarsa ma ibada ce.

In muka bar tasawwufi muka shiga fiƙihu, wakili na haƙiƙa sai mai hankali, saboda haka sunan da muka ba na'urar majazi ne. Sai dai fuƙaha'u sun daɗe da sanin wani abu da ke tsakanin igiya da mutum, shi ne horarren kare ko shaho na farauta. Dabbar tana gudu, tana zaɓar hanya, tana kamawa da dabararta, amma shari'a ta jingina aikin ga maharbin da ya sake ta da niyya da ambaton sunan Allah. A Muhtasar na Shehu Halilu an kawo cewa in maharbin ya yi jinkirin bin sawu, ko ya bar wuƙarsa a hannun wani ko a cikin mangala, har naman ya mutu alhali da ya same shi da rai ya yanka, to ba a cinsa. Ban ga misalin da ya fi wannan dacewa da abin da likitoci ke koya wa majinyata a yau ba. Famfon insulin mai saurin aiki kaɗai yake zubawa, babu na dogon zango a jiki. In bututun ya lanƙwashe ko ya toshe, cikin 'yan awoyi jini zai fara tsami, alhali na'urar tana lissafa insulin ɗin da take zaton ya shiga. Saboda haka ake cewa a canza bututu kowane kwana biyu ko uku, in suga ya hau ya ƙi sauka a zargi bututun kafin komai, a auna kiton, watau abin da ke sa jini tsami, a yi allura da hannu. Alƙalamin insulin da tsinken awo da ɗan abin zaƙi kada su rabu da jaka. Wuƙar maharbi ke nan, wadda ba a bari a mangala.

Likitocin da ke wannan aiki suna haɗuwa da kuskure iri biyu, kuma duk wanda ya karanta littattafan tarbiyyar zuciya zai gane su. Akwai wanda ya shekara ashirin yana riƙe da linzami, ya kasa saki: yana ganin lamba ta motsa sai ya ƙara insulin a kan wanda na'urar ta riga ta zuba, ko ya gaya mata ya ci abincin da bai ci ba don ta ƙara masa, ya rikita mata lissafi, ya jawo faɗuwar da yake tsoro. Akwai kuma wanda ya saki gaba ɗaya, ya daina sanar da ita abinci, ya daina duba mannin, yana cewa ai tana yi. Na farko bai ba wakili aikinsa ba, na biyu ya ba shi har abin da ba nasa ba. Aikin likita da malamar jinya a nan ya koma rabin tarbiyya: su koya wa wannan haƙuri, su koya wa wancan farkawa, su kuma yi hattara da kansu, domin yanzu rayuwar majinyaci ta sati biyu tana bayyana gabansu a zane ɗaya, har daren da ya ci abin da aka hana shi. Wannan sani amana ne. Ba a ba likita shi don ya kunyata mutum ba, ba a kuma ba uba shi don ya mai da wayarsa tagar leƙen asirin ɗansa baligi ba. In kuwa ɓarna ta auku, na'ura ba mukallafa ba ce, ba a ɗora mata lamuni. Yana komawa kan maƙerin da ya ɓoye aibi, ko likitan da ya ɗaura abin da bai ƙware a kai ba, ko wanda ya yi sakaci bayan an sanar da shi, in kuma kowa ya cika nasa, sai a ce ƙaddara ta riga fata.

Mas'alar azumi ta ratso nan, ba kuwa zan tsallake ta ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta tafi a kan cewa allurar magani ta ƙarƙashin fata ba ta karya azumi matuƙar ba ta ciyarwa ba ce, don haka ɗigon famfo da rana ba ya ɓata shi. A zamanta na Sharja a 2009 kuma ta yi magana a kan masu ciwon suga musamman, ta hukunta cewa waɗanda haɗarinsu ya yi tsanani su sha. Wani bincike a ƙasashe 13, wanda aka buga a 2004, ya nuna kashi 43 cikin ɗari na masu nau'i na ɗaya sun azumci aƙalla kwana 15, faɗuwar suga mai tsanani kuwa ta ninka musu fiye da sau huɗu a watan. Na'urar da ke tsayar da insulin in ta hango faɗuwa da la'asar sakaliya lallai taimako ce ga wanda likitansa ya yarje masa. Abin da nake tsoro shi ne a mai da ita sanda, a ce wa yarinya ai yanzu kina da na'ura, ba ki da uzuri. Rangwamen da Allah ya yi wa marar lafiya kamfani bai isa ya soke shi ba, kuma ƙa'idar likitoci tana nan: in suga ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, a sha ruwa, ko da saura minti goma a kira magariba.

Akwai wata tambaya da ta fi duk waɗannan ci mini rai, ita ce ta wanda ba a kai gare shi ba. A watan Disamba na 2023 hukumar da ke tantance magunguna a Ingila ta ba da shawarar a ba dukkan yara masu nau'i na ɗaya wannan na'ura, da mata masu ciki, da manya da yawa, aka fara rabawa a 2024 bisa shirin shekara biyar, daga baitulmalin lafiyarsu. A daidai wannan zamani, wani ƙiyasi da aka buga a 2022 ya nuna yaro ɗan shekara 10 da ciwon ya kama a 2021, in a ƙasa mai arziki yake ana sa ran ya ƙara shekara 65, in a matalauciyar ƙasa yake shekara 13. Banting da abokansa biyu sun sallama wa Jami'ar Toronto haƙƙin mallakar insulin a kan dala ɗaya ɗaya domin kada a yi cinikin rai da shi, ga shi bayan shekara ɗari akwai yaran da ake yi wa maganin zazzaɓin cizon sauro har su cika, ba wanda ya huda yatsansu ya duba. A ƙauyukan Sudan da sauran ƙasashenmu masu zafi, inda wuta ba ta tsayawa, cikin tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen rairayi ake ajiye kwalbar insulin don kada rana ta kashe ta, dabarar da aka gwada aka ga tana sanyayawa. Ba na jin haushin uwar da ke Ingila don ta sami barci, ina taya ta murna da zuciya ɗaya. Amma 'yar'uwarta da ke Damagaram ko Gusau ita ma tana tashi ƙarfe uku, sau da yawa kuwa ba ta da ko tsinken awo, sai ta shafa goshin yaron ta saurari numfashinsa.

Neman ilmin likitanci da samar da magani farali ne na kifaya, in al'umma duka ta bari duka ta yi laifi. Magabatanmu kuwa ba su ɗauki karɓarsa daga nesa abin kunya ba, don Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda shi kansa ya yi wallafe-wallafe a kan magani, ya nemi a aiko masa da likita daga Ingila sa'ad da Bature Clapperton ya zo Sakkwato a 1824. Ina fatan ranar da likitocinmu za su ƙware a wannan na'ura, injiniyoyinmu su duba lissafin nan da aka saki kyauta su ga abin da zai yiwu da zafinmu da tuwonmu, wanda nauyin sitacinsa ba irin na burodin da aka gwada ta da shi ba ne. Amma kafin wannan rana akwai abin da bai fi ƙarfin masallacin unguwa ɗaya ba, ko attajiri ɗaya mai neman inda zai kafa waƙafi. Kwalbar insulin mai mililita 10 tana ɗauke da awo 1,000. Yaro mai nauyin kilo 30 yana buƙatar tsakanin awo 15 da 30 a rana, watau kwalba ɗaya ko biyu a wata, gwargwadon irin da likita ya rubuta masa. A haɗa da sirinji, da tsinken awo huɗu kullum, da kuɗin motar zuwa asibiti sau huɗu a shekara, da malamar jinya guda wadda za ta ɗauki waya in uwar ta kira ta da tsakar dare.